Wankan Ja Limo

Duk wanda ya taɓa aiki a jiragen baƙi na gaɓar Phang Nga ya san Rofiya, wanda bai san sunanta ba ma ya san miyarta. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, baƙin kallabinta kullum a ɗaure tam a ƙarƙashin haɓa, hannayenta duk tabon mai da na wuƙa. Ita ce kukun wani farin jirgi mai ciki biyu, irin wanda Turawa ke haya har da ma'aikatansa su yi ta zagaya tsibirai suna iyo suna shan rana. Ma'aikatan jirage suna kiranta Ja, yadda ake kiran kowace yaya mace a tsibirin Ko Yao. Ita kuwa mutum ɗaya take kira Ja har cikin zuciyarta, wato Ja Limo, yayar mijinta.

A Ko Yao aka haife ta, a ƙauyen da gidajensa ke tsaye kan dirkoki a bakin laka. In ruwa ya kawo, daga ƙofar ɗaki ake faɗawa teku. In ya janye, sai baƙar laka iyakar ganinka, kwale-kwale kwance a kanta kamar shanun da suka ƙoshi. Ubanta masunci ne, uwarta tana tatsar itacen roba, ita kuma ba ta yi nisa a boko ba. Ta auri Yakop don shi kaɗai ne saurayin da ya ci miyarta mai barkono bai nemi ruwa ba, ko da yake bayan biki ya amsa mata cewa ranar ya ga lahira. Yana da kwale-kwale mai dogon inji, yana kai baƙi yawo a tsibirin Phi Phi. Can yake da safiyar da teku ta taso ta haɗiye gaɓa, lokacin 'yarsu Sakina ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Rofiya da Ja Limo suka bi duk inda aka ce an jera gawarwaki, masallaci da gidan ibadar 'yan Buddha da harabar asibiti. Suna ɗaga leda suna mayarwa, gefen mayafi a hanci, rana tana dukan waɗanda ke kwance da waɗanda ke tsaye. Ba su same shi ba. Ja Limo ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyen, a jakarta ta taho da ganyen magarya da kafur da farin yadi, ta ce ko da maza ne za su wanke shi, da kayan gidansu za a wanke shi. Haka ta koma da su a naɗe. A jirgin komawa ba ta yi kuka ba. Sai da suka hango ƙauye ta ce, "Ruwan duniya duk ya bi ta kansa, Rofiya, amma ba wanda ya wanke mini shi."

Ja Limo doguwa ce siririya, bakinta kamar reza. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ba ta nemi izinin kowa ba ta kwaso tabarmarta da butar kofinta ta tare a gidan ƙaninta. Ita ta goya Sakina, ita ta tilasta wa Rofiya cin abinci a watannin da take zama ta zuba wa teku ido. Da takaba ta ƙare sai ta fara janta zuwa wankan gawa, ta ce zama haka ba ya dawo da kowa.

A ƙauyen ba a kwantar da mamaci kan katako a wanke shi. Matan gidan ne ke zama a jere su miƙe ƙafafu, a kwantar da mamaciyar a kan cinyoyinsu, wata a kai, wata a tsakiya, wata a ƙafa. Ana zare katakon daɓe don ruwan ya riƙa zuba ƙarƙashin gida. Mai riƙe kai ita ce wadda ta fi kusa da zuciyar mamaciyar. Ita ke kare hanci da tafin hannu, ita ke tsefe gashi ta kitse shi, ita ce ta ƙarshen ganin fuska kafin a ɗaure likkafani.

Wata rana suna dawowa daga wani wanka, zannuwansu a jiƙe suna manne musu a ƙafa, Ja Limo ta zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke 'yar guntuwa, na lura cinyar nan taki da laushi. Nawa kan a nan za ki ɗora shi."

"Haba Ja. Wa ya gaya miki ke za ki riga ni?"

"Ni na gaya wa kaina. Yi mini alkawari. Ba na son in faɗa hannun matar liman ta dirje ni kamar gindin tukunya."

Rofiya ta yi dariyar da rabonta da ita tun ran da teku ta taso. "To, na yi."

"Faɗi da kyau, ba a cikin hanci ba."

"Na yi alkawari, Ja. Kanki a cinyata."

Sakina na shirin shiga babbar makaranta Bang Usen ya zo gidan. Bang kuwa haka ake kiran yaya namiji a can. Abokin Yakop ne tun suna yara, ya zama kyaftin a jirgin baƙi, kukunsa ya gudu ya bar shi. Rofiya ta ce ita da jirgi har abada. Ja Limo ta bari sai da baƙo ya tafi sannan ta taso mata.

"Robar da kike tatsa ce za ta kai yarinyar nan makaranta? Tashi ki bi Usen."

"In wani abu ya same ki ina tsakiyar ruwa fa?"

"Au, wankan kike ji? Jiragen nan ai da rani suke aiki. In zan mutu sai in jira damina, lokacin kina gida kina damuna da surutu."

Daga nan abin ya zame musu sallama. Duk ranar da Rofiya ta rataya jaka za ta sauka tsani, sai ta juyo ta ce, "Ja, ki jira damina." Ja Limo kuma, ba tare da ta ɗaga kai daga kofinta ba, ta ce, "Na ji. Ɓace mini."

Su uku ne a jirgin: Bang Usen a sitiyari, Rofiya a kicin, sai Wirat mai igiya da anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi. Wirat ɗan Buddha ne daga Phuket, magidanci mai tumbi, ba ya gajiya da tsokana. Shi ke ɗaukar kwalaben giyar baƙi don kada ta taɓa, ita kuma tana ɓoye masa ƙanzon shinkafa. Ta koyi dafa miyar madarar kwakwa da barkonon da ko jariri ba zai ji ba, Turawa su ci suna fifita baki suna yaba mata. Ta koyi yanka albasa jirgi na rawa, ta koyi salla a ɗan lungun da ke tsakanin firij da tsani, tana tambayar Bang Usen alƙibla duk lokacin da jirgi ya juya. Ta ga amare da anguna, ta ga masu faɗa a ɗaki su fito suna murmushi, ta ga tsofaffin da suka zo ganin teku kafin su mutu. Sunayensu ba sa zama mata, amma tana tuna wanda ba ya cin jatan lande da wanda ke son ƙarin mangwaro. Shekara da shekaru ana haka, har Sakina ta gama karatu ta dawo tana koyar da ƙananan yara a ƙauye.

Abin da jirginsu ya yi suna da shi shi ne cin abinci a kan yashi. Jirgi mai ciki biyu ba ya neman ruwa mai zurfi, kuma in ya zauna a ƙasa ba ya karkata. A kwanakin da wata ya cika, ruwa yana kawowa sosai ya kuma janye sosai, sai Bang Usen ya kai jirgin kan wani tudun farin yashi a bayan wani ɗan tsibiri da hantsi, ya jira. Ruwa ya yi ta zamewa har jirgin ya zauna daram a kan ƙafafunsa biyu. Baƙi su sauko su taka inda ɗazu kifi ke yawo, a kafa tebur, Rofiya ta gasa kifi a garwashi. Amma da zarar jirgi ya zauna, shi ke nan, ba mai ɗaga shi sai ruwan da ya ajiye shi, shi kuwa ba ya dawowa sai bayan duhu.

A ranin da wannan abu ya faru, ƙafafun Ja Limo sun kumbura, tana hawa tsani tana hutawa a tsakiya. Ran tafiya Rofiya ta rataya jaka ta juyo kamar kullum.

"Ja, ki jira damina."

Ja Limo ta dubi sama, fes ba ko ɗigon gajimare. "Damina ta yi nisa bana," in ji ta. Can kuma ta ce, "Ɓace mini."

Baƙin wannan tafiya wani tsoho ne da tsohuwarsa da manyan 'ya'yansu maza, sun zo murnar daɗewar auren iyayen. Tsohuwar mai kirki ce, takan leƙo kicin ta ce a koya mata daka barkono, kuma tun ranar farko ba ta da zance sai na teburin kan yashi. An ajiye shi sai rana ta ƙarshe, washegari jirgi ya shiga tasha.

Da safiyar ranar Rofiya na fere abarba wayarta ta yi ƙara. Sakina ce.

"Ma, kin tashi lafiya? Ya baƙi?"

"Lafiya lau. Ya Ja?"

"Tana nan. Ta ɗan gaji ne. Yau ba ta sha kofi ba."

Wuƙar ta tsaya a hannun Rofiya. Ko ranar da suka dawo daga neman Yakop sai da Ja Limo ta sha kofi.

"Ta ce in tambaye ki yaushe jirginku zai shigo."

"Gobe da safe. Ai ta sani."

"Na gaya mata. Ta ce to. Ma, kada ki damu, ki yi aikinki."

Mutanen Ko Yao ba sa jefa wa mutum mugun labari a fuska, balle wanda ke bakin aiki a tsakiyar ruwa. In an ce tsoho ya gaji, ya kwanta ke nan. In an ce yana tambayarka, to ka taho. Rofiya ta san wannan yare sarai, da shi ta tashi. Sakina ta yi mata kara, Ja Limo ta yi mata kara, saura ita ta hau sama ta ce wa Bang Usen a fasa yashi a juya. A lokacin ruwa a cike yake, da jirgin zai kai ta har gindin tsanin gidansu kafin azahar.

Ta goge hannu ta hau. Bang Usen na sitiyari, idonsa a kan launin ruwa, yana lallaɓa jirgin zuwa tudun. A gaba tsohuwar nan ce cikin farar rigar da ta ɓoye tun farkon tafiya don wannan rana, mijinta na riƙe da hannunta. Wirat ya riga ya fito da tebur da garwashi.

"Na ji waya," in ji Bang Usen, bai juyo ba. "Lafiya dai a gida?"

Rofiya ta dubi farar rigar. Ta tuna mutanen nan daga wata uwa duniya suka taso. Ta tuna mai jirgin, da abin da zai ce wa Bang Usen, wanda ya ɗauke ta aiki lokacin da ba ta san ko kunna gas ba. Ta ce a ranta gobe ai ba nisa, Ja kuma ba ta taɓa saɓa magana ba.

"Lafiya lau, Bang."

A tsibirin kowa ya san amsar farko ba amsa ba ce. Ana sake tambaya, sannan mutum ya sunkuyar da kai ya faɗi abin da ke ransa. Rofiya ta ɗan tsaya tana jiran ta biyun. Amma ruwa ya fara juyawa, iska na tura jirgin gefe, Bang Usen ya ɗaga murya, "Wirat, saki anka!" Sarƙa ta yi ƙara ta zube. Rofiya ta koma kicin.

Ta ji lokacin da jirgin ya taɓa ƙasa, ɗan gurzawa a ƙarƙashin tafin ƙafarta, sannan rawar da ya kwana yana yi ta tsaya cak. Ruwa ya sauka zuwa ƙugu, zuwa gwiwa, zuwa idon sawu. Baƙi suka dira suna ihu suna bin ƙananan ƙaguwa. Wirat ya leƙo ta taga.

"Ja, yau fuskar nan ta fi miyarki tsami. Ko saurayin ne bai kira ba?"

"Ɗauke tumbinka ka tare mini haske."

"Tumbin nan ai aikin hannunki ne, ki yi alfahari da shi."

Ta ci gaba da yanka albasarta. Ya ɗan dube ta, ya ɗauki garwashi ya wuce.

Bayan azahar, ruwan ya koma can nesa yana ƙyalli, tana tsugune a yashi tana shafa wa kifi gishiri da lemun tsami, wayar ta sake ƙara.

"Ma," in ji Sakina. A bayanta ana jin muryoyin mata da karatun Yasin. "Ma, Allah ya yi wa Goggo rasuwa."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Rofiya. Ta ajiye kifin a tire a hankali, ta gyara masa kwanciya. Ta miƙe ta duba gabas ta duba yamma, yashi ne fari fat ko'ina, ga jirgi zaune kamar an gina shi a wurin.

Bang Usen ya hango tsayuwarta ya taho. Da ta faɗa masa ya cire hula.

"Haka kawai, ba ciwo?"

"Tun safe aka ce ta gaji."

"Tun safe? Rofiya! Ai na tambaye ki."

"Ka tambaya, Bang."

Ya daɗe yana murza hular a hannu. "Sau ɗaya," in ji shi, kamar da yashin yake magana.

Shi ya je ya yi wa baƙin bayani da Turanci. Tsohuwar ta taho da sauri ta kama hannayen Rofiya duka biyu, da ƙarnin kifin da komai, tana wata magana tana nuna teku. Ta juya ta daka wa 'ya'yanta tsawa. Nan da nan ƙartin suka haɗu da Wirat da Bang Usen suka sauko da ƙaramin kwale-kwalen roba, suka ɗauke shi a kafaɗa har da injinsa, suna tafiya suna nutsewa a yashi, suna hutawa suna sake ɗauka, har inda ruwa ya fara. Rofiya na biye da su ba takalmi.

Wirat ne ya ja ta. Tunda ta san shi ba ta taɓa ganin bakinsa a rufe haka ba. Suka ratsa tsakanin duwatsun da ke tsaye a ruwa, inji na kuka, rana ta fara karkata. Babbar tashar da ruwa ba ya barinta tana ɗaya gefen tsibirinsu, man da ke tanki ba zai kai su can ba, don haka ya miƙe sosai zuwa ƙauyen. Amma ruwan da ya gudu daga ƙarƙashin jirginsu ya gudu daga ƙauyen ma. Tun rufin gidaje na ƙanana a ido injin ya fara tonon laka. Wirat ya ɗaga shi, ya sauka ya tura har inda ƙarfinsa ya ƙare.

"Iyakata ke nan, Ja. Bari in goya ki."

"Da wannan tumbin? Mu nutse mu biyu?" Ta tattare zani ta dira. "Koma, ruwa zai bar ka a nan. Kifin yana tire, kada ka ƙona musu."

Lakar ta karɓe ta har gwiwa, gaba kaɗan har cinya. Kowace ƙafa sai ta roƙe ta kafin ta fito. Ɓawon kodi na yankar tafin ƙafarta, ba ta ji. Ta yi tafiya har numfashinta ya fara fita da ƙara, ta ɗaga kai, gidajen na nan inda suke. Sai ta ji kiran sallar la'asar ya taso daga ƙauyen, siriri, ya biyo kan laka ya same ta. Wayar da ta cusa a kallabi ta yi ƙara.

"Ma, kina ina?"

"Ina laka. Ina hango masallaci."

"An gama haƙa kabari. Liman ya ce in ba a fara wanka yanzu ba, duhu zai kama mutane a kan tudun maƙabarta, sai dai a bari sai gobe. Ya ce kowa ya san alkawarinku. In kin ce a jira, za a jira."

Rofiya ta tsaya, laka na tsotsar ƙafafunta. Ta auna abin da ya rage mata, ta auna rana. Kalma ɗaya ce, ta ce a jira, gobe da safe ta zauna da tsabtataccen zani ta ɗora kan Ja a cinyarta. Amma ta sha ganin Ja Limo tsaye a ƙofar gidan mutuwa tana faɗa da masu cewa a jira ɗan da ke Bangkok, tana cewa mamaci ba baƙon kowa ba ne da za a zaunar da shi. Kuma su biyun sun ga abin da zafin rani ke yi wa wanda aka bari kwance, sun gani a ƙarƙashin ledoji, ba su taɓa zancensa ba.

"Ku fara," in ji ta.

"Ma..."

"Na ce ku fara. Wa ke riƙe kai?"

"Matar liman ta ce ita za ta..."

"A'a. Ta zuba ruwa dai, kuma ki ce mata a hankali. Ke za ki riƙe."

"Ma, ban taɓa ba. Tsoro nake ji."

"Ita ta goya ki, me za ta yi miki? Saurara. Ki zauna ki jingina da bango don ƙafarki za ta yi sanyi. Ruwan ya zama mai ɗumi, ba ta son sanyi. Ki sa tafinki a goshinta kamar rumfa, kada ya shiga hanci. Ganyen magarya da kafur suna cikin tsohuwar jakarta a bayan buhun shinkafa, da su za a yi, kada a karɓi na kowa. Gashinta yana karyewa, ki tsefe da yatsa. Kina ji na?"

"Ina ji."

"Ki riƙa yi mata magana. Ki ce mata ina hanya."

Ta mayar da wayar cikin kallabi ta ci gaba. Inda lakar ta yi zurfi ta rarrafa da hannu. Ba ta ƙara ɗaga kai ba sai da inuwar gidajen farko ta rufe ta.

Ta bi ta ƙarƙashin dirkoki har gidansu. Tun kafin ta kai ta ji ƙanshin kafur, ruwan kafur kuwa shi ne na ƙarshe. Ta tsaya a ƙarƙashin ɗakin Ja Limo. An zare katakon daɓe, ruwan ya haƙa ɗan rami a laka, ganyen magarya na yawo a ciki. Zubar ta riga ta tsaya, saura ɗigo. A sama tana jin muryar Sakina ƙasa-ƙasa tana cewa, "Ga shi an gama, Goggo. Ma tana hanya." Rofiya ta miƙa tafukanta biyu, baƙi ƙirin da laka, ɗigon ya riƙa sauka a kansu yana buɗe fatar kaɗan-kaɗan. Ta tsaya a haka har ya daina.

Wata maƙwabciya ce ta gan ta, ta kwarara mata ruwa daga randa ta ba ta zani. Da ta hau an riga an naɗe Ja Limo, fuska kawai aka bari. Matan suka matsa mata. Sakina na zaune jingine da bango, zaninta sharkaf, ta kasa tanƙwasa ƙafa. Rofiya ta durƙusa ta duba. An kitse gashin da kyau, ba ruwa a hanci. Bakin nan da bai taɓa raga wa kowa ba ya yi shiru, har da ɗan murmushin mugunta a gefensa.

"Ja," in ji ta, "ko gajimare babu."

Ta ja likkafanin ta rufe fuskar da hannunta, ta ɗaura. Maza suka shigo da makara.

Washegari Bang Usen ya zo gaisuwa, shi da Wirat. Wirat ya zauna a bakin tsani ya haɗa tafukansa a ƙirji irin na 'yan Buddha, ya ce kifin ya ƙone ƙurmus amma tsohuwar ta hana kowa magana, sun cinye. Bang Usen ya sha kofi ya yi addu'a, bai ta da zancen safiyar jiya ba, ita ma ba ta tayar ba. Sai dai tun daga ranar, in waya ta yi ƙara a jirgi, ko ta waye, yakan saki sitiyari ya juyo gaba ɗaya ya tambaya, in an amsa ya sake tambaya.

Da aka yi sadakar bakwai Rofiya ta haɗa jakarta, don rani bai ƙare ba kuma akwai baƙi na jira. Sakina ta biyo ta har bakin tsani.

"Ma, kanta ba nauyi. Na zaci zai yi nauyi."

"Haka yake."

"Naki ma ni zan riƙe. Na yi miki alka..."

Rofiya ta sa yatsa ta rufe mata baki. Ta san akwai wata makaranta a Phuket da ke neman yarinyar, ta kuma san Sakina ta ɓoye zancen don kada ta dame ta.

"Kada ki yi. In kina kusa ki riƙe. In kina nesa, duk wadda ke nan ta riƙe, ko matar liman ce. Abu ɗaya nake so. Ranar da na kwanta, in an kira ki aka ce na gaji, ki ce a gaya miki gaskiya."

Ta rataya jaka ta fara sauka. A tsakiyar tsani ta juyo kamar yadda ta saba, bakinta har ya buɗe. Tabarmar na nan a inda take, da butar kofi a gefenta. Ta gyara kallabi ta ƙarasa sauka. Ruwa ya kawo, Wirat na jiranta a gindin dirka da kwale-kwalen roba.